Tambaya: kuromosom 28, 31, har sama da 220, amma wai taswirarsu guda?

ɗan_mabera:

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Don Allah masana ilimin halittu a taimaka min da wani abu da yat tsaya min a wuya. An ba ni semina kan kuromosom, wato ƙunshin da ka ɗauke da ƙwayoyin gado cikin ƙwayar halitta, na ƙwarin nan dangin malam-buɗe-littafi, musamman na dare waɗanda ka taruwa wurin fitila, su asu da uwayen tsutsotsin gona. To ina cikin karatu sai na ga an ce tsutsar alharini, Bombyx mori, kuromosom 28 gare ta in an ƙirga bibbiyu, tsutsar nan mai cin masara da ta shigo muna a 2016 ita kuma 31, sannan akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi shuɗi can duwatsun Maroko da nashi sunka wuce 220. Duk da haka kuma takardun sai su ce wai jerin ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya na, in ka san taswirar wannan ka san ta wancan. Ta ƙaƙa 28 da 31 za su zama abu guda? Ina ukun sunka tahi?

Ta biyu kuma wadda ta fi ɗaure min kai, an ce kuromosom ɗinsu ba su da wurin kamawa guda kamar namu, ko sun karye ba su ɓacewa. To in haka ne ai kamata ya yi a ce sun dagule gaba ɗaya tun tuni, kowane ƙwaro da nashi lissafi, mi ya sa mafi yawansu sunka tsaya kan 31? Wanda ya sani ya yi min bayani da Hausa don Allah, Turancin takardun ga ya yi min nauyi.

Mai Albasa Kwalkwalawa:

Wa alaikumus salam ɗan samari. Ni dai manomi na, albasa da tumatur nika yi, ban san kuromosom ba shi ma bai san ni ba. Amma tsutsar da kaka magana na san ta sarai. Shekarar da ta tumatur ta shigo, kwando guda sai da ya gagari talaka, ka feshe da safe da marece ka ganta cikin ganye tana yawonta. In kun gama ƙirga ƴan cikin nata ku gaya muna amfanin da zai yi wa mai gona, don mu maganin da ka kashe ta muka nema.

Ummu Hanifa:

Wa alaikassalam ƙanena. Alhaji mai albasa ka ɗan yi haƙuri zan dawo kanka, tambayarka tana da amsa.

Ukun da kake nema ba su tafi ko'ina ba, haɗewa suka yi. In ka ɗauki kuromosom na 11 da na 23 da na 24 na tsutsar alharini ka duba ƙwayoyin gadon da ke kansu, sannan ka je ka nemi irin waɗannan ƙwayoyin a jikin ƙwaro mai 31, misali tsutsar auduga Helicoverpa armigera, za ka tarar kowane ɗaya a can ya rabu gida biyu, rabinsa na kan wani kuromosom rabin na kan wani. Ke nan guda shida ne suka manne bibbiyu suka koma uku, 31 ka cire 3 saura 28. Sauran 25 ɗin kuwa ɗaya da ɗaya suke tafiya, kuma abin mamakin ba ma zama wuri ɗaya kawai ba, har jerin ma yawanci bai canza ba, wanda ke gaba yana gaba wanda ke baya yana baya, sai ɗan wuri nan da can da wani yanki ya juya kai ƙasa. Wannan shi ne abin da takardun ke nufi da taswira ɗaya. Yawan kuromosom lissafin ƙunshi ne kawai, kayan ciki suna nan.

Hatta a gidan su alharinin ma akwai wannan. Danginta na daji, Bombyx mandarina, wadda ke ƙasar Sin 28 gare ta, wadda ke Japan 27, kuma suna iya barbara da ta gida su haihu.

Aikin da ya fi kowane faɗi a kan wannan shi ne wanda ya fito a 2024 daga cibiyar Sanger ta Ingila, sun kwatanta cikakken kundin gado na nau'i 210, suka ce duk kuromosom ɗin ƙwarin nan daga tubala 32 na asali suka fito, kuma tubalan sun zauna kusan yadda suke shekara wajen miliyan 250. Sun sa musu sunan Merian, wata Bajamushiya mai zane da aka haifa a 1647 wadda ta bi rayuwar tsutsa tun daga ƙwai har ta yi fiffike tana zanawa, har Surinam ta je a 1699 saboda wannan. Biyu daga cikin 32 ɗin sun haɗe tun da wuri, shi ya sa 31 ya zama gama-gari. Ka riƙe wannan don semina ɗinka, shi ne ƙashin bayan maganar.

Sai tambayarka ta biyu, kuma gaskiya ita ce mai daɗin. Namu kuromosom ɗin kowane yana da ƙugu guda, nan ne zaren da ke ja lokacin rabuwar ƙwayar halitta yake kamawa, in wani gutsure ya ɓalle ba tare da ƙugun ba shi ke nan babu mai jan sa, ya salwanta da duk abin da ke kansa. Nasu kuwa wurin kamawar a shimfiɗe yake kusan tsawon jikin duka. Kamar rake ne, ka sare shi gunduwa-gunduwa kowace gunduwa da idonta, ka dasa ta tsira. To a hankalce wanda Allah ya ba wannan dama ai sai ya yi ta karyewa yana haɗewa, kuma shekaru da yawa haka masana suka ɗauka. Da aka zo aka duba sai aka ga ba haka ba, a cikin nau'i 210 ɗin nan zuri'a takwas kacal aka samu da suka yi babban hargitsi, sauran haɗewa kaɗan ce, karyewa kuwa ta fi ƙaranci. Shuɗin nan na Maroko da ka ambata, Polyommatus atlantica, yana cikin ƴan tsirarun da suka bi hanyar karyewa, ba wai kayan gadonsa sun ninka na sauran ba ne, tubalan ne suka farfashe ƙanana-ƙanana.

Dalilan da ake kawowa, na farko gutsure ko yana da wurin kamawa yana bukatar murfi a bakin da ya karye, ƙwarin nan suna da wani ɗan jeri TTAGG da ke maimaituwa a kowane ƙarshe, in babu shi bakin yana lalacewa. Na biyu wanda ya fara samun karyewar shi kaɗai ne a cikin dubbai, dole ya yi barbara da mai tsohon tsari, kuma wajen yin ƙwai ko maniyyi sai kowane kuromosom ya nemi abokinsa sun jeru, in ɗaya gefen guda biyu ne ɗaya gefen guda ɗaya ana iya samun kuskuren rabo, haihuwa ta ragu, sabon tsarin ya mutu tun bai yaɗu ba. Ni a ganina wannan na biyun ya fi ƙarfi.

ɗan_mabera:

Allah shi saka da alheri Malama, wallahi yanzu na gane zancen 11 da 23 da 24, da can ina ganin lambobin cikin hoto da layukka masu kala suna tsallakawa ban san mi suka nuhi ba. Amma ina da saura. Kin ce na Sin mai 28 da na Japan mai 27 suna haihuwa, ga shi kuma kin ce bambancin lamba shina rage haihuwa, wanne za ni ɗauka? Don mu nan mun san alfadari, doki 64 jaki 62 shi 63 kuma ba ya haihuwa. Sannan ta yaya anka san jerin tun kafin a samu injinan karanta DNA na yanzu?

Abu Sumayya:

Salam. Bari in shigo nan don irin aikin da nake yi ke nan a inda nake karatu, kuma da izinin Malama ban cika yarda dalili na biyu ya isa shi kaɗai ba.

Haɗewa guda ɗaya tak ba ta cika hana su haihuwa ba, guda biyun kan jeru a gefen dogon su zama uku a manne, su rabu lafiya mafi yawan lokuta. Kai akwai ma wani farin malam-buɗe-littafi ɗan ƙarami a Turai, Leptidea sinapis, na Sifen yana da sama da 100 in an ƙirga duka, na Kazakistan 56, nau'i ɗaya ne fa, an haɗa masu lamba daban-daban a ɗakin gwaji sun haihu jikokin ma sun rayu. An gano a 2018 cewa mazansu suna juya tsarin rabuwar ne, matakin da ya kamata ya zo na biyu shi ke fara zuwa, kuma wurin kamawa mai shimfiɗa ne ya ba su wannan damar. Alfadari ba shi da wannan dabara, ga shi kuma kuromosom ɗin doki da na jaki ba lamba kaɗai ta raba su ba, cikinsu ma ya sha bamban sosai. Don haka ni ina ƙara wani dalilin, kowane kuromosom na namiji yakan yi musayar yanki da abokinsa kamar sau ɗaya ne a kowane zubin yin maniyyi, to in biyu suka haɗe musayar ta ragu ke nan, in suka farfashe ta ƙaru, wataƙila wajen 31 ɗin nan ne abin ya yi musu daidai. Har yanzu ana muhawara a kai, ka faɗi duka a semina kada ka tsaya kan ɗaya.

Zancen yadda aka san jeri kuwa hanya biyu ce. Ta farko kiwo da barbara, kuma a nan matansu sun sauƙaƙa wa masu bincike aiki, domin mace a wannan dangi ba ta yin musayar yanki sam, kuromosom ɗin da ta gada daga ubanta haka za ta miƙa shi ga ɗanta cif ba gauraye. Sai a yi amfani da ƴaƴan mace a gane waɗanne ƙwayoyin gado ne ke tafiya tare, sannan a koma ƴaƴan namiji, inda ake musaya, a auna wa ke kusa da wa.

Ta biyu ita ce gani da ido. Matsalar kuromosom ɗinsu ita ce ƴan mitsi-mitsi ne, a madubin ƙara girma sai ka ga ɗige-ɗige sittin da wani abu duk kama ɗaya, ba ƙugu ba zane, ba ka iya cewa wannan ne na 5 wancan na 17. Sai aka koma wani mataki na farkon yin maniyyi inda suke miƙewa dogaye kamar zare. Za ka fede tsutsa namiji da ta kusa shiga kwanso, ka ciro ƴan gwaiwanta, a wasu nau'in ma kana hango su ta fatar baya, ka jiƙa su a ruwan gishiri mai rauni su kumbura, ka sa a ruwan da ke daskarar da su, sannan ka farfasa da allura siririya a cikin ɗigon asid a kan gilashi mai ɗumi, kana jan ɗigon a hankali har ya bushe ya bar zaren a shimfiɗe. Daga nan sai a ɗauko gutsattsarin DNA da aka riga aka san wurinsu a tsutsar alharini, a rina kowane da kalarsa mai ƙyalli, a zuba a kai. Kowane zai je ya manne inda ɗan'uwansa yake. Ka kashe fitila ka leƙa, sai ka ga zare shuɗi da ɗigo kore, ja, rawaya a jere, ka duba taswirar alharini ka ga kore, ja, rawaya. Da wannan hanya masu bincike na Japan da abokan aikinsu suka nuna a 2009 cewa tsutsar taba Manduca sexta, ita ma mai 28, jerinta ya yi daidai da na alharini ƙwarai, daga baya aka yi wa tsutsar auduga da mai huda karan masara ta Turai. Kundin gadon alharinin kansa a 2004 aka fara fitar da shi, shi ya sa ya zama ma'aunin kowa.

Wani abu da ba a taɓo ba, su a wurinsu mace ce mai kuromosom biyu daban, Z da W, namiji Z biyu, akasin mutane. Kuma Z ɗin nan shi ne ya fi kowa son haɗewa da wasu.

Ummu Hanifa:

Na karɓi ƙarin Abu Sumayya, sai dai Leptidea yana cikin masu hargitsin ne, ba za a auna sauran dubban da shi ba, mu bar shi a haka.

Alhaji ga taka. Maganin da ka ce ka fesa da safe da yamma ka gan ta tana yawo, ba ƙarfin hali ba ne, gado ne, wasu a cikinsu suna da ƙwayar gadon da ke karya gubar ko ta canza wurin da gubar ke kamawa, ka kashe sauran ka bar musu gonar su hayayyafa. Don a gano wace ƙwaya ce dole a san inda take, kuma ba kowace tsutsa ce aka zauna aka zana wa taswira ba. Amfanin jeri ɗaya shi ne ana aron ta wani. Haka aka yi da wata ƙwaya da ake kira ABCC2, an gano ta a 2010 a wata tsutsar auduga ta Amurka da ta daina jin gubar Bt, gubar kashe tsutsa da ake samu daga wata bakteriya, da taimakon taswirar alharini inda take kan kuromosom na 15, shekara ɗaya bayan nan aka duba daidai wurin a tsutsar kabeji aka same ta, daga baya aka samu lalacewarta a tsutsar masarar nan a tsibirin Fotoriko. Wannan ya shafe mu kai tsaye domin waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar daga Samaru a 2019 da gubar Bt yake kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanson wake, ranar da tsutsar ta fara jurewa masu bincike sun san ƙofofin da za su fara ƙwanƙwasawa.

Zancen Z kuma, tunda mace guda ɗaya gare ta, duk ƙwayar juriya da ta hau kansa nan take take aiki a jikinta babu ta biyu da za ta rufe ta. A tsutsar tuffa an gano a 2013 cewa Z ɗinta ya haɗe da wancan na 15 ɗin, mai ɗauke da tarin ƙwayoyin karya guba. Taka ta tumatur, Tuta absoluta, wadda ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016, 29 gare ta, kuma ita ma Z ɗinta ya haɗiye wasu. Ban ce wannan ne ya sa maganinka bai ci ba, amma wuri ne da ake dubawa.

Har wajen sakin maza marasa haihuwa a gona don rage yawan ƙwarin ma abin ya shigo. Da yake gutsurensu ba ya ɓacewa, sai an haska musu hasken radiyeshin mai ƙarfi sosai kafin su zama juya, ƙarfin da zai sa su kasa tashi neman mata. Sai aka koma ba su kaɗan, su fita da ƙarfinsu su yi barbara, ƴaƴan da suka gaji karyayyun kuromosom ɗin su ne ke fitowa juya fiye da uban. Ana sakin irin waɗannan ƙwari a gonakin lemo na Afirka ta Kudu.

Mai Albasa Kwalkwalawa:

To Malama na ji, Allah shi ƙara sani. Abin da na ɗauka dai shi na in daina nace ma magani guda, in riƙa canzawa. Amma ku gaya ma masu binciken ga su zo su duba ta kan gero, wadda ka bin zangarniya tana zagaye ta kamar an zana da wuƙa, mutanen Gada da Illela sun fi kowa saninta. Kullum sai ta tuffa da ta alharini, mu ina munka ga tuffa?

Abu Sumayya:

Alhaji ka yi gaskiya, nau'i 210 ɗin nan ma mafi yawansu na Turai ne. Canza magani kuma ka tabbata ba suna kawai ka canza ba, kwalba biyu na iya zama sinadari ɗaya, ka sa a karanta maka ƙaramin rubutun.

Ɗan Mabera in kana son misali na gida a semina, je ka tsaya wurin tumfafiya. Malam-buɗe-littafin nan ruwan goro mai baƙin gefe da ke sa ƙwai a kanta, Danaus chrysippus, namu na yammacin Afirka fiffikensa na baya fari ne. A wajen Nairobi an samu matan da W ɗinsu ya haɗe da kuromosom mai ɗauke da ƙwayoyin kalar fiffike, kuma duk masu wannan haɗin suna ɗauke da wata ƙwayar cuta, Spiroplasma, da ke kashe ƴaƴa maza tun a ƙwai, aikin da ya fito a 2020 ya ƙiyasta haɗin bai wuce shekara 2,200 ba.

Kuma akwai abin da za ka iya yi da hannunka ba sai da kala mai ƙyalli ba. Samo tsutsar masara manya, ka fede, ka ciro ƴan siraran bututun nan da ke manne da hanji ta baya, ka sa musu ɗigon rinin ɗakin gwaji da ake kira osin (orcein) na minti kaɗan, ka rufe da gilashi ka danna. A ta mace za ka ga dunƙule baƙi guda a cikin kowace cibiyar ƙwaya, W ne ya taru wuri ɗaya, a ta namiji babu. Madubin ɗakin gwajin ƴan aji ɗaya ma ya isa, ka ɗora wayarka a kai ka ɗauki hoto.

ɗan_mabera:

Na gode ƙwarai Yaya. Masarar rani tana nan fadama, tsutsa ba za ta yi wuya ba. Amma ta yaya zan san mace da namiji tun suna tsutsa, don in tabbatar dunƙulen da nig gani na mace na?

Abu Sumayya:

Kana fedewa ka duba ta baya wajen tsakiyar ciki, in ka ga ɗan ƙullutu mai launi to gwaiwa ne, namiji ke nan. Ka rubuta jinsin a jikin gilashin kafin ka sa rini, kuma ka yi aƙalla goma-goma.